Gani Ya Kori Ji: Taswira Da Adon Bango A Gidan Makama

(Jawabin da kwamitin ilimi da al'adu na ƙungiyarmu ya gabatar a taron 'yan ƙungiya a Abbare, bayan dawowar wakilanmu daga Kano.)



Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, masu unguwanni, iyayenmu mata, 'yan'uwa matasa, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma gode muku da kuka bar kasuwanninku da gonakinku kuka amsa wannan gayyata. Allah Ya saka da alheri.

Kamar yadda kowa ya sani, ƙungiya ta tura wasu daga cikinmu Kano tare da 'yan makaranta, da kuɗin da ku kuka tara. Wanda aka aika kuwa, wajibinsa ne ya dawo ya isar da saƙo. Saboda haka yau za mu yi muku bayanin wuri ɗaya daga cikin wuraren da muka ziyarta, wato gidan tarihi na Gidan Makama, musamman abubuwa biyu da suka tsaya mana a rai: taswirar birnin Kano, da adon da magina suka yi wa ginin. Daga nan sai mu leƙa wasu ƙasashe mu ga yadda suka riƙe tasu taswirar, sa'an nan mu dawo gida Abbare mu faɗi abin da muke ganin ya kamata mu yi. Muna roƙon a ba mu aron kunne.

Gidan da kansa

Gidan Makama yana cikin birni, dab da gidan Sarkin Kano. Masana tarihi sun ce an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta. Rumfa ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina fadar da har yanzu ake kira Gidan Rumfa, a zamaninsa ne aka kafa kasuwar Kurmi. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun ɗan zauna a Gidan Makama suna gudanar da aikinsu. Daga baya aka raba shi, aka mai da wani sashe gidan tarihi a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

In ka shiga, ɗaki kake bi bayan ɗaki. Wannan na kayan gini ne, wancan na kayan yaƙi, ga na sana'o'i, ga na kayan kiɗa, har da ɗakin amarya da jerensa, wanda iyayenmu mata da muka tafi da su suka daɗe a ciki suna ta nuna wa 'yan mata abin da aka kai su da shi gidan miji. Akwai kuma tsofaffin ƙyamaren Ƙofar Kabuga, wadda aka ce ta nan sojojin Turawa suka shiga birni ran 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. To a nan ne muka ga taswirar ganuwar Kano da ƙofofinta.

Abin da taswirar ta faɗa mana

Jama'a, mutum yana iya yin shekara ashirin yana zuwa Kano saro kaya, ya san Kwari, ya san Singa, ya san tasha, amma bai taɓa ganin siffar birnin ba. A jikin taswira ne za ka ga badala ta zagaye gari, ga Dala da Gwauron Dutse a ciki, ga ƙofofi kowace ta fuskanci hanyarta: Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai, Ƙofar Mazugal, Ƙofar Ruwa, Ƙofar Waika, Ƙofar Kansakali, Ƙofar Kabuga, Ƙofar Dukawuya, Ƙofar Gadon Ƙaya, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Ɗan'agundi da sauransu. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar. Sarakunan da suka biyo baya suka yi ta faɗaɗa ta, musamman Rumfa da Muhammadu Nazaki. Ba gidaje kawai suka zagaye ba, har da gonaki da kududdufai, domin ko abokan gaba sun kewaye gari a sami abin ci da abin sha.

Yau wani ɓangare mai yawa na badalar ya zube, wani an yanka shi fuloti an yi gini a kai, duk da cewa tun 2007 aka sa ta a jerin wuraren da Nijeriya ke nema hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Inda ƙasa ta zube, takarda ce ta rage tana ba da shaida.

Muna tsaye gaban taswirar nan sai hira ta kai mu ga sunayen unguwannin birni, kuma wannan shi ne abin da ya fi shafar mu. Ku saurara da kyau: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, Dandalin Turawa, Sharifai. Barebari daga Barno suka zo. Nufawa daga ƙasar Nufe. Agadasawa daga Agadas. Ayagi unguwar Yarabawa ce. Turawan da ake nufi a Dandalin Turawa kuwa Larabawa ne fatake daga Arewacin Afirka, domin da can su ake kira da wannan suna. Ashe birnin da duk muke tinƙaho da shi, baƙi sun sa hannu wajen gina shi, kuma masu gari ba su ɓoye ba, suka bar sunan kowa a kan unguwarsa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. To ga raɓar da rana ta fito ba ta bushe ba, saboda an san sunanta, an san inda ta sauka, an san abin da ta kawo.

Wani dattijo daga cikinmu ya juya ya tambayi yaran da muka tafi da su, kowa ya faɗi garin da kakansa ya fito kafin ya zo ƙasar Muri. Kaɗan ne suka iya amsawa. Wani ya ce "Arewa", aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Laifin ba na yaro ba ne, abin da ba a nuna masa ba ina zai gan shi?

Aikin magina

Abu na biyu shi ne ginin kansa. Da yawa daga yaranmu sun tashi a gidan bulo da kwano, suna ɗauka ginin ƙasa alamar talauci ce. Da suka ɗaga kai suka ga rufin soro, sai baki ya mutu.

Bari mu tuna wa matasa yadda ake yi, dattawa ku gyara mana in mun karkace. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a curo tubali, a shanya ya bushe, a jera shi a yi bango mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Rufi da azara ake yi, wato giginya da aka faskara, domin gara ba ta cin ta da sauƙi. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyi in tazara ta yi yawa, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo: a riƙa ɗora azara kan azara tana leƙowa kaɗan-kaɗan daga bango biyu, a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a tsakiya. In bakan gizo suka gitta juna, an sami ɗaurin guga ke nan, sai ka ga babban ɗaki ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa. A wajen gini kuma ga zankwaye a kusurwa, ga indararo na zubar da ruwa. Domin kada damina ta cinye bango, sai a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsi na karofi da gashin jima da dafara. Kun ga ke nan magini yana buƙatar marini, yana buƙatar majemi. Sana'a ɗaya ba ta tsayuwa ita kaɗai.

Sai ado. Tun yaɓe yana ɗanye magini zai sa hannu ya fitar da zane, ya tayar da wani wuri ya kwantar da wani: ga dagi, ga zobba, ga layuka masu sarƙe da juna kamar aikin allura a wuyan babbar riga. A wasu sorayen har tasa ko faranti ake kafawa a tsakiyar rufi inda bakan gizo suka haɗu. Mafi shahara a wannan fanni shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Wanda ya je gidan tarihi na Jos zai ga an kwaikwayi wannan masallaci da wani yanki na ganuwar Kano a filin gine-ginen gargajiya.

Me ya haɗa taswira da ado? Mun lura duk biyun hanya ce ta barin saƙo ga wanda bai zo ba tukuna. Taswira tana cewa ga inda muka zauna, adon bango yana cewa ga irin mutanen da suka zauna a wurin.

Yadda wasu suka yi

Ba mu kaɗai muka san darajar wannan ba. A fadar Fafaroma da ke birnin Rum akwai wani dogon zaure mai tsawon mita 120, wanda Fafaroma Gregory na 13 ya sa aka ƙawata daga 1580. Wani masani mai suna Ignazio Danti shi ya shugabanci aikin, aka zana taswira 40 da fenti a jikin bango, kowace tana nuna wani yanki na ƙasar Italiya da garuruwansa da kogunansa da duwatsunsa. Rufin zauren kuwa an cika shi da zane da ruwan zinariya. Mai sarauta yana iya zagaya ƙasar da ƙafa ba tare da ya fita daga gida ba. Fiye da shekara 400 ke nan, har yau mutane daga ko'ina cikin duniya suna biyan kuɗi su shiga su kalla.

Kafin su kuma akwai malamin nan Al-Idrisi, wanda ya kammala taswirar duniya a 1154 a tsibirin Sisili, a fadar Sarki Roger na biyu. Shi kudu ya sa a sama, arewa a ƙasa, wato Afirka ce a bisa Turai. Wannan ya isa ya nuna mana cewa mai riƙe da alƙalami shi ke zaɓar wanda zai hau sama. A wata taswira kuma da aka zana a 1375, wadda ke ajiye a birnin Faris, an zana Mansa Musa Sarkin Mali zaune da curin zinariya a hannu. Sunayen Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir sun bazu a Turai ta hanyar littafin Hasan Al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a 1550.

Kada kuma wani ya ɗauka mutanenmu ba su san wannan ilimi ba. A 1824 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A lokacin Turawa ba su san inda kogin Kwara ya ƙare ba, sai a 1830 'yan'uwan nan biyu masu suna Lander suka bi shi har teku. A fadar Bello aka zana wa Clapperton taswirar ƙasashen nan da garuruwansu da hanyoyinsu, da rubutun Larabci, ya tafi da ita, aka buga ta a London a 1826. Bello da kansa ya yi bayanin ƙasashe da al'ummomin yankin nan a farkon littafinsa Infaƙul Maisuri. Fatake kuma taswirarsu a ka take: sun san zango nawa ne daga Kano zuwa Gwanja, sun san inda ake samun ruwa, sun san inda ake biyan fito. Sai dai abin da ke cikin ka, ranar da aka binne mai kan an binne da shi.

Mu dawo kusa da gida

Wannan yanki namu ma da alƙalamin baƙi ya shiga taswirar duniya. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Kano, ya hau Dala ya zana birnin, ya rubuta sunayen unguwanni, ya ƙiyasta mazaunansa 30,000, ya ce a lokacin fatauci sukan kai 60,000. A watan Yuni na wannan shekara ya ƙetare Binuwai ya shiga Yola, inda Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe ba. A 1854 kuma Dokta William Baikie ya hauro Binuwai da jirgin ruwa mai suna Pleiad, ya sauka ya taka har garin Muri, wanda ya rubuta da sunan Hamaruwa. Duk inda suka bi suna awo suna rubutawa.

Me ya biyo baya? Da irin waɗannan takardu aka zauna a Balin a 1884 da 1885 ana shawarar yadda za a raba Afirka. A 1893 Ingila da Jamus suka ja layi, aka bar Yola a hannun Ingilishi, mafi yawan ƙasar Adamawa ta faɗa hannun Jamus. A wannan shekarar ce kuma Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo, kusa da Kona wadda ke nan tun kafin haka. A 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, Arewacin Kamaru ya zaɓi Nijeriya, shi ya sa yau Gashaka da tsaunin Mambila suke tare da mu. A 1976 muka zama Gongola, ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Taraba, Jalingo ta zama babban birni. Dattawan da ke zaune a nan, wasunku ba ku taɓa sauya gida ba, amma sau nawa aka sauya muku suna a takarda? Layin da aka ja a ofis mai nisa yakan iso har ƙofar gidan talaka.

Tun da Jalingo ta zama hedikwata gari yake ta cin gonaki. Inda muka sani daji yau gidaje ne. Rijiyar da ake kwatance da ita an cike ta, tsamiyar da ake zama a gindinta an sare, burtalin shanu ya zama lungu. Tsofaffin zaurukan ƙasa ana rushe su ana kafa shaguna. Matasa za su ce ai akwai taswira a waya. Gaskiya ne, tana da amfani, tauraron ɗan'adam yana ganin rufin kowane gida. Amma bai san wanda ya fara sare dajin ba, bai san wanda ya ba shi wurin ba, bai san dalilin da ya sa ake kiran lungu kaza da sunan wane ba. Wannan ilimi yana bakin tsofaffinmu ne, kuma kowace shekara muna raka wasu daga cikinsu makwanci.

Shawarwarin kwamiti

Saboda haka kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawara biyar.

Na farko, a zaɓi matasa masu ilimi su bi dattawa gida-gida, maza da mata, su rubuta daga wane gari kakannin kowane gida suka fito, ta wace hanya, da wace sana'a, a zamanin wane sarki. A ɗauki muryarsu a waya, a kuma rubuta a littafi, domin waya takan faɗa ruwa.

Na biyu, a zana taswirar unguwarmu a babbar takarda, a sa masallatai da makarantu da rijiyoyi da maƙabarta da kasuwa da kwari, har da waɗanda suka ɓace, a nuna inda suke a da. Muna jaddada cewa ba mu kaɗai za mu yi wannan ba. A gayyato maƙwabtanmu Fulani da Mumuye da Jukunawan Kona da sauran waɗanda muke zaune tare, kowa ya faɗi sunan da yake kiran dutse ko rafi da harshensa, a rubuta duka. Waɗanda suka riga mu zuwa a sa sunansu a gaba. Taswirar da ta share maƙwabci fitina take jawowa, mu kuwa zaman lafiya muke nema. Kano ba ta ragu da komai ba don ta bar sunan Ayagi da Tudun Nufawa.

Na uku, in an gama an tantance, a sanar da masu unguwa da hakimi, sa'an nan a zana ta da fenti a bangon zauren taronmu, inda kowane yaro zai gan ta yana wucewa. A nemo magini wanda ya iya aikin gargajiya ya zagaye ta da dagi da sauran ado, a haɗa shi da yara biyu ko uku su koya a hannunsa, a biya shi hakkinsa yadda ya kamata.

Na huɗu, duk mai tsohon zaure ko soro da yake niyyar rushewa, don Allah ya sanar da kwamiti tukuna a zo a ɗauki hoto ciki da waje. Ba mu hana kowa gyara gidansa ba. Wanda kuma yake da hali ya bar zauren ya yi sabon gini a bayansa, ya kyauta wa jikokinsa.

Na biyar, muna tunatar da juna cewa taswirar bango ta tarihi ce, ba ta tsaya wa kowa a gaban hukuma. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, takardar gwamnati ita ce shaida. Wanda filinsa awon igiya ne ya nemi safiyo ya auna masa, ya bi hanyar da doka ta tsara ya karɓi takardarsa, kada ya bar wa marayu shari'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jama'a, wannan aiki ba ya buƙatar miliyoyi. Littafi ne da biro da fenti, sai haƙurin zama gaban tsoho a saurare shi har ya gama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka duk mai son shiga ya ba sakatare sunansa kafin a tashi, musamman malaman makaranta da ɗalibanmu da ke manyan makarantu. Iyayenmu mata, muna buƙatar ku ƙwarai, domin ku kuka fi riƙe zumunci da sanin wa ya auri wa, daga ina aka kawo ta. Muna kuma fatan baɗi, in Allah Ya kai mu, a sake tura wasu yaran, ko Kano ko Jos ko Zariya, domin tafiya mabuɗin ilimi ce.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka sha rana suka share mana wurin zama. Allah Ya saka wa waɗanda suka karɓe su hannu biyu. Allah Ya zaunar da Abbare da Jalingo da jihar Taraba da ƙasa baki ɗaya lafiya.